Taswira, tauraron ɗan'adam da raga: Yadda ake yaƙar baƙon kifi a Tafkin Yellowstone

A watan Yuli na shekarar 1994 wani mai kamun kifi ya fito da wani irin kifi daga Tafkin Yellowstone da ke jihar Wyoming ta Amurka, kifin da bai kamata a same shi a wurin ba. Masana na kiransa Salvelinus namaycush, a harshen yau da kullum kuma tirawut na tafki. Bayan 'yan shekaru sai ta bayyana cewa baƙon ya riga ya hayayyafa, yana kuma cinye kifin asali na tafkin, wato tirawut mai jan wuya, wanda dabbobi da tsuntsaye masu yawa suka dogara da shi.

Tun daga 1995 hukumar kula da gandayen daji ta Amurka take kama wannan baƙo tana kashewa, kuma adadin da aka cire ya haura miliyan 4. Aikin na cikin mafi girma da mafi daɗewa irinsa a duniya. Ragar da ake amfani da ita ba ta da wani bambanci na a zo a gani da wadda masunta suka sani a ko'ina. Abin da ya sauya sakamakon shi ne yawan ragar, da kuma sanin takamaiman wurin da za a zuba ta, da lokacin da ya dace. Wannan sani kuwa ya samu ne ta hanyar taswirar ƙasan tafki, da na'urar GPS, da wasu ƙananan na'urori da ake dasawa a cikin kifin kansa.

Tafkin da kifinsa na asali

Gandun dajin Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, shi ne na farko irinsa a Amurka. Tafkin da ke tsakiyarsa yana bisa tudu mai tsayin mita 2,357 daga doron teku, faɗinsa kimanin hekta 34,000, zurfinsa kuma ya haura mita 120 a wasu wurare. Ƙanƙara kan rufe shi daga ƙarshen Disamba ko farkon Janairu har zuwa ƙarshen Mayu, don haka jirgin ruwa ba ya iya aiki a kansa sai na kimanin watanni biyar a shekara.

Tirawut mai jan wuya ya sami sunansa ne daga jan zanen da ke ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Yana yawan zama a ruwa marar zurfi, kuma idan ƙanƙara ta narke sai ya haura ƙoramun da ke kwarara cikin tafkin domin ya saka ƙwai. Wannan ɗabi'a ce ta sa ya zama abinci mai sauƙin samu. Beyar na tare shi a ƙorama, karen ruwa na bin sa a gaɓa, shahon ruwa da gaggafa da kwasakwasa na sure shi daga sama. An ƙidaya kimanin nau'i 40 na tsuntsaye da dabbobi masu cin sa. A shekarun 1970 an ƙiyasta yawansa a tafkin da miliyan 3.5 zuwa 4.

Yadda baƙon ya shigo

Asalin tirawut na tafki shi ne tafkunan arewacin nahiyar, ciki har da Manyan Tafkuna da ke tsakanin Amurka da Kanada. A 1890 hukumomin gwamnati suka kawo shi suka zuba a tafkunan Lewis da Shoshone, waɗanda ke cikin gandun amma a lokacin babu kifi a cikinsu. Binciken da aka yi kan wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnen kifi, wanda ke riƙe da alamun sinadaran ruwan da kifin ya girma a ciki, ya nuna cewa wasu daga cikin manyan kifayen da aka fara kamawa a Tafkin Yellowstone sun fara rayuwarsu ne a Tafkin Lewis, suka koma can a shekarun 1980.

Babu kifin da yake mugu a gidansu. Misalin da ya fi kusa shi ne giwan ruwa, wanda ke zaune tare da sauran kifaye a Kogin Neja da Tafkin Chadi tun fil azal. Da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina. Abin da ya faru a Yellowstone ke nan: an kawo mafarauci wurin da babu mai farautarsa, kuma abin farautar bai san shi ba.

Baƙon na iya rayuwa shekaru 30 ko fiye, yana girma ya ninka ɗan gida sau da yawa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa babba guda na cin tirawut mai jan wuya kimanin 41 a shekara. Ke nan manya dubu 10 kacal sun isa su cinye fiye da dubu 400. Ga shi kuma ba ya maye gurbin wanda ya cinye, domin yana zaune ne a zurfi, yana kuma saka ƙwansa a cikin tafkin ba tare da ya haura ƙorama ba, don haka beyar da tsuntsu ba sa kai gare shi.

Girman ɓarnar

A ƙoramar Clear Creek, inda aka daɗe ana ƙidayar kifin da ke haurawa, an ƙirga fiye da 70,000 a 1978. Zuwa 2007 adadin bai kai 600 ba. Fari da wata cuta mai sa ƙananan kifaye juyi, wadda aka gano a tafkin a 1998, sun ba da tasu gudummawar, amma masu bincike sun fi ɗora alhakin kan baƙon kifin.

Illar ta bi sarƙar abinci sama da ƙasa. Sheƙunan shahon ruwa a kewayen tafkin sun ragu daga kimanin 38 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa kimanin uku a tsakiyar shekarun 2010. Beyar ya rage zuwa ƙoramu, ya ƙara farautar 'ya'yan babbar barewar nan da ake kira elk. Gaggafa ta koma cin tsuntsayen ruwa da 'ya'yansu. Hatta ruwan ya sauya: da masu cin ƙananan halittun ruwa suka ragu, sai halittun suka ƙaru suka cinye gansakukar da ke yawo, ruwan ya ƙara haske.

Matsalar ita ce wuri

A ƙaramin kududdufi ana iya zuba maganin kashe kifi, ko a janye ruwan gaba ɗaya. A tafki mai girman Yellowstone hakan ba ya yiwuwa, kuma maganin zai kashe ɗan gida tare da baƙo. Abin da ya rage shi ne raga mai idanu, irin wadda masunta ke kira kalli, wadda ake shimfiɗawa tsaye a cikin ruwa, kifi ya cusa kansa ya maƙale.

Irin wannan raga ba ta bin kifi, kifi ne ke zuwa gare ta. Idan aka zuba ta inda ba ya bi, an yi asarar dare da mai da ƙarfin ma'aikata. Idan aka zuba ta a ruwa marar zurfi, sai ta kama ɗan gidan da ake son ceto. Saboda haka tambayoyi uku ne ke gaban masu aikin kullum: yaya ƙasan tafkin yake, ina kifin yake taruwa a kowane wata, kuma ina aka zuba raga a baya da me ta kamo. Kowace tambaya tana da na'urar da ke amsa ta.

Taswirar ƙasan tafki

Taswirar zurfin tafkin ta farko ta fito ne daga ayarin binciken Hayden na 1871, wanda ya auna zurfi da igiya mai darma a baki a wurare kimanin 300. Tsakanin 1999 da farkon shekarun 2000, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta sake auna tafkin da na'urar sauti mai aika haskoki da yawa lokaci guda.

Yadda na'urar ke aiki mai sauƙin fahimta ne. Tana aika sauti ƙasa, ta saurari amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,450 a daƙiƙa guda cikin ruwa marar gishiri, don haka idan ya dawo bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya yi tafiyar mita 145 zuwa da dawowa, zurfin wurin ke nan kimanin mita 72. Ƙarfin amsa-kuwwar kuma na nuna irin ƙasan, domin dutse na mayar da sauti da ƙarfi fiye da laka. A daidai lokacin kowane awo, GPS na rubuta inda jirgin yake. Idan aka haɗa miliyoyin awo irin wannan sai a sami hoton ƙasan tafkin da tuddansa da kwarurrukansa.

An yi wannan taswira ce da farko domin nazarin aman wuta, kasancewar tafkin na kan bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, kuma ta bayyana ramuka da maɓuɓɓugan ruwan zafi masu yawa a ƙasansa. Amma ta amfani masu yaƙi da baƙon kifi ta fuskoki biyu. Ta nuna wa matuƙa jiragen layukan zurfi da za su bi wajen shimfiɗa raga. Ta kuma taimaka wajen hasashen wuraren saka ƙwai, domin tirawut na tafki na zaɓen tarin duwatsu masu tsabta, inda igiyar ruwa ke share laka, ƙwai ya faɗa cikin tsagin duwatsun ya sami iska. Wata ma'aikaciyar gandun, Patricia Bigelow, ta haɗa bayanan ƙasan tafki da lissafin ƙarfin igiyar ruwa a binciken digirinta na uku na 2009, ta fitar da taswirar wuraren da suka fi dacewa da hakan.

Abin da GPS ke yi da abin da ba ya iyawa

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24. Kowane tauraro na watsa saƙo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Na'urar da ke ƙasa na auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa nisanta daga tauraron, kuma da saƙon taurari huɗu ko fiye take gane inda take. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka na rage ingancin saƙon ga farar hula da gangan, har kuskure kan kai mita 100. Bayan cire wannan takunkumi ya sauko ƙwarai, a yau bai wuce 'yan mitoci ba. Rasha da Tarayyar Turai da Sin suna da nasu tsare-tsaren, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma na'urorin zamani kan saurari fiye da ɗaya.

A kan tafkin, ana rubuta matsayin kowace raga da aka zuba, tare da zurfin wurin, da girman idon ragar, da dararen da ta kwana, da yawan kifin kowane nau'i da ta kamo. Ana auna ƙoƙari da ma'auni guda: raga mai tsawon mita 100 da ta kwana dare ɗaya. Idan aka raba yawan kifin da yawan wannan ma'auni sai a sami ƙimar kamu, wadda za a iya kwatantawa tsakanin wuri da wuri, shekara da shekara.

Ana zuba waɗannan bayanai a manhajar taswira da ke jera su hawa-hawa: zurfi a ƙasa, irin ƙasan tafki a kai, sannan kamun kowace raga. Daga nan ake ganin yankin da ke ba da manyan kifaye a watan Yuni, da wanda ya ƙare, da wanda aka daɗe ba a taɓa ba, da zurfin da ɗan gida ya fi faɗawa raga. Wannan rajista ce kuma ke bai wa hukuma damar sanin abin da 'yan kwangila suka yi, da hana jirage biyu haɗa raga wuri guda.

Sai dai saƙon tauraro ba ya ratsa ruwa. GPS na iya faɗin inda jirgi yake, ba ya iya faɗin inda kifi yake. Domin wannan sai an koma ga sauti.

Kifi ɗan leƙen asiri

Dabarar ita ce a kama baƙon kifi da rai, a sa masa maganin barci, a tsaga cikinsa kaɗan a dasa wata 'yar na'ura mai batir, a ɗinke, a sake shi. Na'urar na fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ɗauke da lambar da ta keɓanta da wannan kifi, wasu har da zurfin da yake. Tunda kifin na neman 'yan'uwansa, musamman lokacin saka ƙwai, duk inda ya je ya tona asirin taron. Masana na kiran irinsa kifin Yahuza, daga sunan almajirin da littattafan Kirista suka ce ya bashe da ubangidansa. An yi amfani da dabarar tun da farko kan awakin da suka addabi tsibirai, musamman a Galapagos.

A Yellowstone an fara wannan aiki a 2011, da haɗin gwiwar USGS da tallafin ƙungiyoyin masu kamun kifi irin su Trout Unlimited. Hanyoyin sauraro biyu ne. Ta farko, a kafa na'urorin sauraro a ƙasan tafki a wuraren da aka rubuta matsayinsu da GPS, kowace ta riƙa ajiye lambar duk kifin da ya gifta da lokacin giftawarsa. Idan aka jera su kusa da juna, bambancin lokacin da sauti ɗaya ya isa uku daga cikinsu ya isa a lissafa matsayin kifin, kusan yadda GPS ke yi amma a juye. Ta biyu, jirgi ya riƙa zagaya tafkin da makirufon ruwa, duk inda ya ji kifi ya rubuta wurin, a miƙa wa masu raga cikin gaggawa kafin taron ya watse.

Masu bincike daga Jami'ar Jihar Montana sun gwada hanya ta biyu a 2016 da 2017, suka tarar cewa ragar da aka zuba inda aka ji kifaye masu na'ura ta fi kamo manya fiye da wadda aka zuba bisa al'ada. Wannan na da muhimmanci, domin manya su ne masu cin ɗan gida kuma su ne masu saka ƙwai.

Wuraren ƙwai

Bin sawun kifi na nuna wurin da ake zato ne kawai. Kafin a tabbatar, sai masu ninƙaya ko kyamarar ƙarƙashin ruwa sun ga ƙwai a tsagin duwatsu, sannan a zagaye iyakar wurin a sa a taswira. Zuwa 2020 an tabbatar da wurare 14, jimlar faɗinsu hekta 11.4, wato kimanin kashi 0.03 cikin ɗari na tafkin. Wannan ƙaramin adadi ne ya buɗe sabuwar hanya: maimakon a jira kifi ya girma a bi shi cikin hekta 34,000, ana iya kashe shi tun yana ƙwai a fili ɗan kaɗan.

Kifin na saka ƙwai a watannin Satumba da Oktoba, ƙwan ya kwana cikin duwatsu duk tsawon hunturu. An gwada wutar lantarki, da tsotse ƙwan, da rufe wurin da tamfol, amma waɗannan sun yi wuyar faɗaɗawa. Abin da ya fi aiki shi ne zuba gawawwakin kifin da aka kama a kan wurin, domin ruɓewarsu na shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan tsagin duwatsu, ƙwan ya mutu. Da yake gawar na da wuyar ɗauka, igiyar ruwa na kwashe ta, tana kuma jawo beyar, sai aka ƙera ƙwayoyi masu nitsewa daga waken soya da alkama, masu yin aiki iri ɗaya. Daga 2019 aka fara watsa su da jirgi mai saukar ungulu a kewayen Tsibirin Carrington, wurin ƙwai mai faɗin rabin hekta a sashen tafkin da ake kira West Thumb. Aikin bai yiwuwa ba tare da sanin iyakar wurin daidai ba, domin zuba ƙwayoyin a gefe asara ce, kuma yana iya cutar da wasu halittu ba gaira ba dalili.

Sakamakon da aka samu

A shekaru 15 na farko, jiragen gandun sun yi ta kamu amma baƙon na ƙaruwa. Wani kwamitin masana da ya duba aikin a 2008 ya ce ƙoƙarin bai kai ba, ya ba da shawarar a ninka shi, a kuma ɗauko ƙwararrun masunta. Aka yi kwangila da wani kamfanin masunta daga jihar Wisconsin, kuma daga 2012 aikin ya kai matakin da masu lissafi suka nema. A shekarun da suka biyo baya ana cire kimanin kifi 300,000 a kowace shekara, a 2017 ma adadin ya kusa 400,000. Ana huda jakar iskar kowace gawa a mayar da ita zurfin tafki, domin sinadaran da ke jikinta su zauna cikin ruwan.

Wani rahoto da Todd Koel, jagoran shirin kare kifayen asali na gandun, ya wallafa tare da abokan aikinsa a 2020, ya nuna cewa zuwa 2019 an kashe kifi miliyan 3.35, an kashe kuɗi fiye da dala miliyan 20, kuma manyan kifaye masu haihuwa sun ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari daga 2012. An ƙara ganin tirawut mai jan wuya a wasu ƙoramu, beyar kuma ya fara komawa kamunsa. Dokar gandun ta wajabta wa duk mai ƙugiya ya kashe baƙon da ya kama a tafkin, ya kuma saki ɗan gida da rai.

Ana tabbatar da waɗannan alƙaluma ne ta wata hanya dabam da kamun yau da kullum. A kowane watan Agusta ana zuba ragar gwaji bisa tsari guda a sassan tafkin, a zurfi daban-daban, ba tare da neman inda kifi ya taru ba. Dalili shi ne, masuncin da ya ƙware wajen gano taron kifi na iya ci gaba da cika jirgi ko da kifin na ƙarewa, don haka kamunsa kaɗai ba ya nuna gaskiyar yawan da ya rage.

Sauran wuraren da aka bi wannan hanya

A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya an gano kifin kaf na Turai a tafkunan Crescent da Sorell a 1995. Hukumar kifayen cikin ƙasa ta jihar ta dasa na'urorin rediyo a jikin maza, ta riƙa bin su zuwa wurin taro, tare da katange fadamun da kifin ke saka ƙwai. An kama kaf na ƙarshe a Tafkin Crescent a 2007, aka kuma cire fiye da 41,000 daga Sorell. Tafkunan ba su da zurfi, shi ya sa rediyo ya wadatar, domin saƙonsa na fita daga ruwa marar gishiri idan kifin bai nitse sosai ba.

A jihar Minnesota, masu bincike sun lura cewa kaf na cunkushewa wuri guda a ƙarƙashin ƙanƙara lokacin hunturu. Ta bin 'yan kifaye masu na'ura suka gano wuraren, masunta suka zura taru ta ƙarƙashin ƙanƙarar, aka kwashe fiye da rabin manyan kifayen wasu tafkuna a ɗan lokaci. A Kogin Illinois kuma ana bin sawun kaf na Asiya da na'urorin sauraro, ana tura masuntan kwangila inda suka taru, domin rage matsi a kan shingen lantarki da ke mashigar ruwan Chicago, wanda aka fara kunnawa a 2002 don hana su shiga Manyan Tafkuna.

Iyakar dabarar

Masu kula da Yellowstone ba sa sa ran ƙarar da baƙon kifin gaba ɗaya. Bincike ya nuna cewa ƙwai da 'ya'yansa na tsira a wannan tafki ninki huɗu zuwa shida fiye da yadda suke tsira a gidansu na asali, saboda babu masu cin su. Lissafin masana ya nuna cewa idan aka sassauta raga, cikin 'yan shekaru adadin zai koma inda yake. Don haka aikin na lashe kimanin dala miliyan 2 ko fiye a kowace shekara, daga asusun gwamnati da gudummawar ƙungiyoyi irin su Yellowstone Forever, kuma burin shi ne a danne baƙon zuwa matakin da za a iya riƙe shi da kuɗi kaɗan.

Na'urorin ma suna da nasu rauni. Batirin da ke cikin kifi na ƙarewa, kifin da aka dasa wa na'ura na iya mutuwa ko ya faɗa raga, na'urar ta ci gaba da kira daga ƙasan tafki ta ruɗi masu sauraro. Ƙarar inji da igiyar ruwa na rage nisan da ake jin sauti. Wuraren ƙwai masu zurfi sun fi wuyar tabbatarwa da magancewa fiye da na gaɓa. Duk da kula da zurfi, dubban tirawut mai jan wuya na faɗawa raga a kowace shekara. Kuma yayin da baƙon ke raguwa, kuɗin kama kowane guda na ƙaruwa, lamarin da ke ƙara wa bin sawu da taswira muhimmanci.

A watan Agusta na 2019 raga ta fito da wani sabon baƙo daga tafkin, kifin da ake kira sisko, wanda shi ma ɗan yankin Manyan Tafkuna ne kuma abincin tirawut na tafki ne a can. Nazarin ƙashin kunnensa ya nuna cewa a cikin tafkin aka ƙyanƙyashe shi, abin da ke nufin iyayensa sun riga shi shiga. Hukumar gandun na binciken jiragen ruwa kafin su shiga tafkin, ta kuma haramta amfani da kifi a matsayin abincin ƙugiya, domin hana shigowar baƙo ya fi arha nesa ba kusa ba a kan fitar da shi bayan ya hayayyafa.